Amanar da Kawu Sabi'u Ya Riƙe a Bakin Teku

Mu huɗu ne wannan labari ya shafa. Akwai ni, Jamilu, wanda na kammala digiri a fannin safiyo, aka ɗauke ni aikin gwaji a matsayin farar hula a sashen awon ruwa na sojan ruwa. Akwai Laftanar Yohanna, mutumin Kagoro, wanda ya girme ni a shekaru da muƙami, tare aka tura mu kwas. Akwai Kawu Sabi'u, ƙanin mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, malamin jami'a da ke karatun digirin digirgir a Kuala Lumpur. Sai matarsa, Anti Rakiya, wadda na ci abincinta tsawon zamana a can. Tun da na dawo abokai ke tambayata yadda ƙasar take, waɗanda suka fi kusa da ni kuma suna tambayar dalilin da ya sa har yau ba a tabbatar da ni a aiki ba. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, shi ya sa na ga gara in rubuta in huta da maimaitawa.

Sai na fara bayyana aikin, domin wanda bai gane shi ba ba zai gane abin da ya faru ba. Aikinmu shi ne auna zurfin ruwa a gaɓar teku da bakin koguna, a zana taswirar da matuƙin jirgi zai bi kada ya hau yashi ko dutse. Auna zurfin ba shi ne mai wuya ba, akwai na'ura a ƙarƙashin jirgi da ke aika sauti zuwa ƙasan ruwa ta saurari dawowarsa. Mai wuyar shi ne sanin daidai inda jirgin yake a lokacin da aka yi awon, tunda a kan ruwa babu bishiya ko kwana da za a ce daga nan ne. Taurarin ɗan'adam ne ke gaya mana. Sai dai abin da suke faɗa ba ya rasa kuskure na taku biyu ko uku, irin wanda kowa ke gani a taswirar wayarsa. Ga mai neman shago wannan ba komai ba ne, ga jirgin da zai ratsa ƙunƙuntar mashigi kuwa halaka ce. Don haka ake aiki da na'ura biyu. Ɗaya ana kafa ta a tudu, a kan ƙafafu uku, daidai saman wata ƙusa da aka riga aka san matsayinta. Da yake an gaya mata inda take, tana gane kuskuren taurarin a kowane lokaci, ta aika gyara ta rediyo zuwa ga 'yar'uwarta da ke cikin jirgi. Yohanna yana kiranta da sunanta na Turanci, ni na fi son in ce na'urar tudu. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ta motsa. In ta gusa ba za ta sani ba, za ta ci gaba da aika gyara, jirgin kuma ya gusa tare da ita a kan taswira.

Kafin mu tashi shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Jamilu, kwas ɗin nan takarda iri biyu suke bayarwa, ta halarta da ta ƙwarewa. Ta halarta ko direbana ya zauna a ajin zai samu. Ka kawo mini ta ƙwarewa in sa hannu a tabbatar da kai. In ba haka ba sai baɗi, in an sake samun gurbi." Da wannan magana na hau jirgi, kuma ba ta bar ni ba har na sauka.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa. Yohanna yana zama ya yi barci kamar a gadonsa, ni kuwa ina kallon ɗan allon da ke nuna jirginmu a saman teku, ina tunanin yadda ake sanin matsayinsa. Rabin jakata ba kayana ba ne, saƙon Hajiya mahaifiyata ne zuwa ga ƙaninta: kilishi, da daddawa, da kuka, da yaji.

A filin jirgin Kuala Lumpur na fara ganin bambanci. Ɗalibi ba ya fita da kansa, sai wakilin makarantarsa ya zo ya karɓe shi. Aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi tare da 'yan Bangladash da wasu Larabawa, wakilinmu kuwa cunkoson motoci ya riƙe shi. Duk wanda aka kira sai in dubi ƙofa ko namu ya iso. Ba wanda ya yi mana tsawa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin a gida in jami'i yana faɗa ka san inda ka tsaya, a nan kuwa murmushi ake yi maka ba ka san ko mayar da kai za a yi ba. Da muka isa wurin duba kaya, wata jami'a mai ɗaure da mayafi ta ɗaga kilishin ta ce nama ba ya shiga. Ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya, ta dube ni. Na buɗe baki in yi bayanin yadda ake sarrafa kalwa, Yohanna ya riga ni. Ya ce, "Madam, na seasoning. Very harmless." Ta ɗaure ta miƙo mini da sauri.

Kawu Sabi'u yana jiranmu a waje. Ya rungume ni, ya tambayi Hajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya. "Kilishin fa?"

Na ce, "Yana hannun hukuma, Kawu."

Ya ce, "To, Allah Ya sa yajin ya yi musu daidai."

Gidan Kawu yana Bukit Jalil, a wani dogon bene da ko lif ɗinsa ba ya tashi sai an nuna masa kati. Yohanna ya sauka a Sri Petaling wurin wasu ɗalibai 'yan Filato. An ba ni ɗakin yara, su kuma aka mayar da su falo, abin da ya dame ni amma Anti Rakiya ta ce in yi shiru. Yaran sun gaishe ni da Turanci, babban ya ƙara da tambayata da Malayanci ko na ci abinci. Uwar ta ce, "Ka ce ina wuni, kai!" Ya faɗa, amma kamar wanda ke karanta sunan magani. Na yi alkawari a raina zan gyara musu harshe kafin in tafi. Ban cika ba.

Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum ya busar da shi, nasu jiƙa mutum yake yi. Riga takan kwana a igiya ba ta bushe ba. Ruwan sama kuwa kusan kullum da rana yake sauka, kuma ba ya sallama. A gida hadari yakan haɗu a gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya, a ɗaure awaki, sannan ya zubo. A can kana tafe cikin rana sai ka ji kamar an juye maka ganga.

Abinci ma sai da na koya. Shinkafa suke karya kumallo da ita, dafaffiya da madarar kwakwa, a zuba mata ƙananan kifi da gyaɗa da wani jan yaji mai zaƙi. Sukari yana cikin komai, har miya. Da yamma Yohanna yakan ja ni shagon mamak, wato wurin cin abincin Indiyawa Musulmi, mu sha shayin da ake sheƙawa daga kofi zuwa kofi kamar na masu shayinmu, sai dai nasu ya fi kauri. Ranar Asabar nakan raka Anti Rakiya kasuwar Chow Kit neman kuɓewa da alayyafo, mu bi ta tsakanin masu kifi ƙafa cikin ruwa. A nan na lura ba sa nuni da manuniya, babban yatsa suke miƙawa a kan dunƙulallen hannu. In sun gaisa sukan kai hannu ƙirji kamar mu, amma gaisuwar gajeriya ce, ba a tambayar gida da gajiya da aiki. Ba sa ɗaga murya. Duk ranar da Yohanna ya yi dariya a cikin jirgin ƙasa sai taragon gaba ɗaya ya waiwayo, ni in sunkuyar da kai.

Malamarmu a kwas sunanta Puan Haslina. Puan a wurinsu kamar Malama ne a wurinmu. Tsohuwar jami'ar sojan ruwa ce, gajeriya, mai ƙaramar murya. Ban taɓa jin ta ce wa ɗalibi ya yi kuskure ba. Takan tsaya a bayanka ta dubi allon kwamfuta, ta ce, "Ka sake dubawa," ta wuce. Na fi tsoron wannan kalma da ashar ɗin duk wani ofisa da na sani. Makonni muka yi muna kafa na'urar tudu a filin ajiye motoci muna kwancewa, har na iya daidaita ɗigon iskan da ke cikin ma'auninta ya zauna a tsakiya.

Jarrabawar ƙarshe ba a aji ake yin ta ba. Kowace ƙungiya aka ba ta bakin wani kogi a gaɓar yamma ta auna ta kawo taswira. Namu yana da tudun yashi da laka a mashiginsa, wanda jirgin awo ba ya iya hawa sai a babbar cikar teku, irin wadda ke zuwa da tsayuwar wata ko cikarsa. Wannan tudun shi ne zuciyar jarrabawar. Ranar da aka ba mu kuwa ita ce babbar cika ta ƙarshe kafin izinin zamanmu ya ƙare.

Ƙungiya mutum uku ce, biyu a jirgi, ɗaya a tudu. Ana jibi za mu fita, na ukunmu, wani ɗan Sri Lanka, ya kwanta asibiti da zazzaɓin da sauron can ke kawowa. Puan Haslina ta ce na'urar tudu ba ta buƙatar gwani, mutum kawai take so ya zauna kusa saboda birai da masu babur. Na ambaci maganar muna cin tuwo, ba don neman taimako ba. Kawu ya ajiye loma.

Ya ce, "Ɗan yayata yana jarrabawa ina garin nan, a ce an rasa mai gadi? Ni zan kai ku, ni zan zauna."

Na ce, "Kawu, ai bai dace ba. Wuni guda ne cikin rana."

Anti Rakiya ta ce, "Bar shi, Jamilu. Littattafan nan sun ishe shi, iska yake nema."

Da sassafe muka ɗauki Yohanna da kayan aiki, muka bar gari. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya tsakanin gonakin kwakwar manja, har muka isa wani ƙauyen masunta. Akwai matsayar jirage ta kankare, a gefenta wani ɗan dandamali da ƙusar tagulla a tsakiya. Taku kaɗan daga nan rumfar mai shayi ce, an kafa ta a kan turaku saman laka, daɓenta katako, rufinta tamfol. Na kafa na'urar a kan ƙusa, na daidaita ɗigon iska, na auna tsayinta na sake aunawa. Muka ɗora na'urar jirgin a kan wata ƙusa ta biyu a bakin matsaya don gwaji, ta faɗi matsayin ƙusar daidai, bambancin bai kai faɗin yatsa ba.

Sannan na juya ga Kawu. A gidanmu yaro ba ya tsayawa ya jero wa kawunsa yi da bari. Na nuna masa birai a kan bishiyoyi, na nuna masa inda babura ke bi. Na ce, "Kawu, ga ta nan. Ta makaranta ce, kuma tana da tsada ƙwarai. Amana ce."

Ya gyara hularsa ya ce, "Je ka yi aikinka. Ba abin da zai same ta ina raye."

Ban ce masa komai game da ruwan sama ba. A wurin mai safiyo wannan ba abin faɗa ba ne, an ƙera na'urar ne ta yi damina guda a waje ba ta ji komai ba.

Muka shiga ruwa, ni da Yohanna da matuƙi. Ana yin awon ne layi-layi, kamar mai huɗa, a je a dawo. Ni ne a kan kwamfuta, idona a kan wata 'yar fitila a gefen allo. In tana kore, gyara yana isowa daga tudu kuma matsayinmu tabbatacce ne. In ta koma rawaya, akwai shakka. Duk safiya kore ce. Muka gama layukan waje inda ruwa ke da zurfi, muka ci shinkafar da Anti ta ƙunsa mana, muna jiran teku ta cika.

Tana cika sama ta yi baƙi. Mun hau layin farko a kan tudun yashin kenan ruwa ya sauko, har gaɓar ta ɓace mana. Fitilar ta koma rawaya. Kafin in yi magana ta dawo kore.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙifta."

Yohanna yana riƙe da tamfol a kan kwamfuta, ruwa na bin wuyansa. Ya ce, "Rain ne, yana damun radio. Ta dawo ko ba ta dawo ba?"

"Ta dawo."

"To continue. Ruwan nan ba zai jira mu ba, Malam Hausa."

Gaskiya ya faɗa, in teku ta fara janyewa sai mu bar wurin ko mu kwana a laka. Muka ci gaba. Fitilar ta sake ƙiftawa, ta sake. Kowane karo tana dawowa kore. Muka gama layukan tudun, ƙasan jirgi ya fara gogar laka, muka juyo. Ruwan ya ɗauke kamar yadda ya zo.

Daga nesa na hango na'urar tudu a tsaye a wurinta, na yi hamdala. Da na matso sai na ga abin da ya katse mini hamdalar. Dandamalin ya jiƙe, bishiyoyi suna ɗiga, Kawu kansa sharkaf yake, ba hula, rigarsa ta manne a jiki. Na'urar kuwa a bushe take ƙal, an goge ta har tana sheƙi. Na leƙa ma'auni, ɗigon iskan ya koma gefe. Muka ɗora na'urar jirgin a kan ƙusar gwaji. Bambancin da bai kai yatsa ba da safe, yanzu ya fi taƙi. Yohanna ya dube ni, na dubi ƙasa.

A mota Kawu ya ba da labarin da kansa, yana atishawa yana dariya.

"Ai yau da ba ni nan, da kun shiga uku da mutanen nan. Ina ganin ɗigon farko na ce ina! Kayan lantarki a ruwa? Na rungumo ta gaba ɗaya da ƙafafunta na kai ta rumfar mai shayi. Iska ta ɗauke mini hula ban ko waiwaya ba. Feshi ya biyo mu, na matsar da ita ciki. Rufin ya fara yoyo, na sake matsarwa. Ga mutane sun cika rumfar, katakon sai lilo yake, dole na riƙe ta da hannu. Wayata tana aljihu, ta mutu murus. Ana ɗaukewa na mayar da ita kan ƙusarku daidai, kamar ba a taɓa ba."

Na ce, "Sau nawa aka matsar, Kawu?"

"Wa ya ƙirga? Ina fama da ruwa."

Yohanna ya yi tari mai tsawo a kujerar baya. Na san abin da yake so in faɗa. Na dubi Kawu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, mutumin da ya bar karatunsa ya wuni yana korar birai saboda ni. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Kawu. Sannu da ƙoƙari."

Ya ce, "Haba, ai ɗa na kowa ne, balle nawa."

Washegari a ɗakin kwamfuta muka ga ɓarnar da idonmu. Layukan safe sun zauna lafiya. Na tudun yashin kuwa kowanne ya kama gabansa. Inda layi biyu suka gitta juna, wurin da ya kamata su faɗi zurfi ɗaya, sai su faɗi biyu. Hanyar ruwan da muka bi a miƙe ta fito a karkace.

Yohanna ya ja kujera kusa da ni ya rage murya. "Jamilu, ka saurara. Ni ina da commission, cikakken hafsa ne ni, kunya kawai zan sha. Kai ne za ka rasa aiki. Mu ja layukan nan su hau juna, small small. Who go know?"

Na ce, "Ba mu san sau nawa ta gusa ba, ba mu san ina ta nufa ba. Duk abin da muka ja, zato ne. Kuma a kan tudun ne."

"Okay, to mu ce biri ne ya ture ta. Ko za ta tausaya ta ba mu wani chance."

"Ranka ya daɗe, ba zan mayar da ƙanin uwata biri ba, ko a takarda."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce, "To ka je ka gaya wa tsohon. Ni ba zan iya ba."

Ni ma ban iya ba. Na koma gida na tarar da Kawu kwance da mura, yana ba wani abokinsa labarin ta wayar Anti. Aka kawo abinci na jujjuya cokali. Anti Rakiya ta kira ni kicin, wai in sauko mata da tukunya daga sama.

Ta ce, "Tukunyar tana nan ƙasa. Me ya faru?"

Na gaya mata duka. Da na kai inda na ce na'urar ba ta jin ruwa, sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da na kai maganar takardar, dariyar ta tsaya.

"Aikin naka kenan?"

"Shi kenan, Anti."

"Kuma kake masa sannu da ƙoƙari?"

"To me zan ce?"

Ta juya ta rage wuta. Ta ce, "Je ka ci abincinka. Wannan ba maganar bakinka ba ce, tawa ce."

Ban san yadda ta faɗa masa ba. Da safe na fito na same shi a falo cikin manyan kaya, makullin mota a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai dube ni ba. Ya ce, "Tashi mu je wurin malamar taku."

Puan Haslina ta karɓe shi da girmamawa, ta sa aka kawo masa shayi. Kawu ya yi bayani da Turancinsa na malaman jami'a, bai rage komai ba, har riƙewar da ya yi da hannu. Ya ƙare da cewa, "Ni na ɗaga ta, ba shi ba. In akwai hukunci, ni ya kamata ya hau."

Ta kai hannu ƙirji ta gode masa da ya zo da kansa. Ta ce babu hukunci. Ta ce da sau ɗaya aka matsar da na'urar aka ajiye a ƙasa mai ƙarfi, da an iya gano sabon matsayinta a gyara aikin, amma daɓen katako mai lilo da hannun mutum ba su da matsayi. Ta ce, "Na yarda ba laifinsa ba ne. Amma matuƙin da zai bi taswirar ba zai san wannan ba. Ba zan iya sa hannu a kanta ba."

Kawu ya tambaya ko za a sake ba mu rana. Ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna masa jadawalin cikar teku. Babbar cika ta gaba tana bayan ƙarewar izininmu, jirgin awon kuma an riga an ba wasu. Kawu ya daɗe yana kallon allon, kamar mai neman inda zai yi roƙo. Sannan ya miƙe ya yi godiya. A mota, da muka kusa gida, ya ce, "Ni da na ɗauka rediyo ce irin tamu." Na ce, "Allah bai nufa ba ne, Kawu." Ya ce, "Kada ka rufe ni da wannan."

Sauran kwanakin sun fi mini ranar jarrabawar nauyi. Kawu ya daina zama cin abinci tare da ni, sai ya ce yana da karatu. Ranar tafiya shi ya kai mu filin jirgi, ya ɗauki jakata da kansa duk da na hana. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka gaya wa Yaya. Ni zan kira ta." Ya kira ta kuwa, tun muna sama. Da na isa gida na durƙusa gaban Hajiya, kafin in buɗe baki ta ce, "Na ji. Sabi'u tun yana yaro haka yake, ko kaza ba ya bari ruwa ya doka. Tashi ka ci abinci."

Ranar Litinin na kai wa shugaban sashenmu takardar halarta. Ya juya ta gaba da baya, ya saurari bayanin Yohanna har ƙarshe, ya ce ya ji, kuma ya fi son wannan da taswirar ƙarya. Sannan ya mayar mini da takardar ya ce sai baɗi, in an sami gurbi. Ina nan ina jira.

Layi ashirin da shida muka auna, aka karɓi goma sha ɗaya, aka zubar da goma sha biyar. Ga sauran asarar: takardar ƙwarewa biyu, tawa da ta Yohanna. Shekara ɗaya ta aikina. Wayar Kawu ɗaya, da hularsa ɗaya.